Amsoshin Tambayoyinku: Me Ɗalibin Tarihi Zai Nema a Ajin Taurari?

TAMBAYA: Ni ɗan Filinge ne, a ƙasar Kurfai, ina shekara ta biyu a jami'a, sashen tarihi. Bak A na yi, kuma ni da lissafi ba ma ga maciji tun ina lise. Bana an ba mu jerin darussan zaɓi, cikinsu har da wani wai shi kosmoloji, an rubuta cewa don waɗanda ba 'yan kimiyya ba aka shirya shi. Raina ya biya, domin tun ina yaro ina bin shanu ta wajen Tukunus nake yawan kallon sama. Abokaina sun ce rijiya zan jefa kaina, makina ya zube a banza. Kawuna kuma, wanda malami ne, da na ba shi labari ta waya sai ya ce in yi hattara, ilmin taurari ƙofar duba ne, kuma ya ji an ce masu wannan ilmi na da'awar duniya fashewa ta yi, ta yi kanta da kanta. Mene ne wannan darasi, Malam? Zan iya shi? Akwai laifi a cikinsa? Daga wani ɗalibi, mutumin Filinge.

AMSA: Awaki uku ka ɗaure a turke ɗaya, sai mu kwance su ɗaya bayan ɗaya. Amma don kada in bar ka cikin zullumi har ƙarshen shafi, shawarata ita ce ka ɗauki darasin. A ganina ma ya fi kusa da sana'arka fiye da yadda abokanka suke zato, domin kosmoloji tarihi ne. Masu shi suna bin sawun abin da ya wuce, babu wanda ya gani da ido, babu dattijon da za a je a tambaya, sai alamomin da abin ya bari.

Kai da ka tashi a Filinge ka riga ka san irin wannan karatu. Garinku yana zaune ne cikin Dallol Boso, kwari mai faɗi, ga tsaunuka sun yi masa katanga, ga yashi a ƙasa, ga ruwan rijiya kusa. Ba wani mai rai da ya taɓa ganin babban kogi yana gudu a nan. Duk da haka mai lura, in ya dubi yadda bakin tsaunin ya zaizaye da yadda kwarin ya miƙe daga Azawak har ya faɗa kogin Kwara, zai ce ruwa mai yawa ya taɓa bi ta nan, kuma gaskiya ya faɗa. Masana ƙasa sun tabbatar da cewa dubban shekaru da suka wuce Sahara kore ce, shi ya sa aka sami zanen raƙuman dawa a kan duwatsun Dabus a ƙasar Agadas. Abin da masanin kosmoloji yake yi da sama ke nan. Bai damu da tauraro ɗaya ko biyu ba. Tambayarsa a kan sararin samaniya ne gaba ɗayansa: yaya girmansa, me ke cikinsa, yaya yake a da, shekarunsa nawa.

Sai dai ya fi ka sa'a a abu ɗaya, shi yana iya kallon jiya da idonsa. Haske ba nan take yake isowa ba, tafiya yake yi, kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya. Daga Filinge zuwa Yamai kimanin kilomita 180 ne, wato kafin ka ƙifta ido haske ya je ya dawo fiye da sau ɗari, a daƙiƙa guda kuwa fiye da sau 800. Amma sama na da faɗi. Hasken rana yana cin minti 8 da 'yan daƙiƙoƙi kafin ya iso mu daga nisan kilomita miliyan 150. Mu Hausawa mun saba auna nisa da lokaci, mu ce tafiyar yini ko tafiyar kwana uku. Su ma haka suke yi, sai su ce tafiyar haske ta shekara kaza. Tauraron da ya fi kusa da mu bayan rana yana nisan tafiyar haske ta shekara 4 da 'yan watanni. Kaza da 'ya'yanta, wadda malamai ke kira Surayya, tana nisan shekara 440 ko kusa da haka. To lissafa da kanka. Hasken Kaza da zai shiga idonka daren yau ya baro gida ne kusan zamanin da rundunar Maroko ta karya Songhai a Tondibi, a 1591. Ban san wani ɗakin ajiyar takardun tarihi da zai ba ka shaida irin wannan ba, wadda ba ta bi ta hannun kowa ba kafin ta zo gare ka.

Tambayar da ya kamata ka yi a nan, kuma ka riƙa yin ta kowane mako a aji, ita ce: ta yaya aka sani? Wa ya ja igiya ya auna? Darasi mai kyau rabinsa amsar wannan tambaya ne. Taurari na kusa ana auna su ne da dabarar da yaro ma ya sani: miƙa babban yatsanka, rufe ido ɗaya, sannan ka sauya, za ka ga yatsan ya yi tsalle. Ana duban tauraro yau, a sake dubansa bayan wata shida, lokacin da duniya ta koma ɗaya gefen rana, girman tsallen da ya yi shi ke faɗin nisansa. Na nesa ba sa tsalle yadda za a gani, sai a koma ga dabarar tocila. In ka hango hasken tocila da dare a bayan gari, kuma ka san irin tocilar da ƙarfin batirinta, dushewar hasken za ta gaya maka nisan mai ita. Matsalar ita ce sanin ƙarfin tocilar tun asali. Wata mata mai suna Henrietta Leavitt, ma'aikaciya a ɗakin binciken taurari na Harvard a Amurka, ita ta warware wannan a 1912. Ta lura da wasu taurari masu ƙara haske su rage, ta gano cewa gwargwadon daɗewar da tauraro ke yi kafin ya kammala zagaye ɗaya na haske da dushewa, gwargwadon ƙarfinsa na ainihi. Da wannan ma'auni Edwin Hubble ya yi aiki a 1923, ya sami irin wannan tauraro cikin wani ɗan gajimaren haske da ake kira Andromeda, ya nuna cewa gajimaren nan yana can waje da namu garken taurari. Galaksi suke kiran irin wannan garke. Namu, wanda kake ganin farin zanensa ya ratsa sama a daren da babu wata, yana da taurari fiye da biliyan 100, miliyar ɗari in ji 'yan bokon Nijar. Andromeda wani garke ne daban, a nisan tafiyar haske ta shekara miliyan 2 da rabi. Shekara ɗari kacal ke nan da ɗan Adam ya tabbatar akwai wasu garkuna bayan nasa.

Daga nan sai maganar da ta fi tayar da ƙura. Ka tsaya bakin hanyar Baleyara ka saurari babur ya taho da gudu: kukansa siriri ne yana zuwa, da ya wuce ka sai ya yi kauri. Haske ma yana da irin wannan hali. Abin da ke nisantarka haskensa yana karkata wajen ja. Vesto Slipher ya fara auna wannan ga galaksi tun 1912, ya tarar yawancinsu sun karkata wajen ja. A 1927 wani limamin cocin Katolika ɗan Beljiyam, Georges Lemaître, wanda kuma masanin lissafi ne, ya haɗa wannan da ka'idar Einstein ta 1915, ya ce sararin ne kansa yake buɗewa. A 1929 Hubble ya fito da awon da ya nuna cewa galaksin da ya fi nisa shi ya fi saurin nisanta.

A nan yawancin ɗalibai ke tuntuɓe, sai su ce ashe mu ne a tsakiya, tunda kowa gudunmu yake. Ga yadda nake fahimtar da kaina. Ka sami ɗan duma yana ƙarami a jikin yaɗonsa, ka ɗiga masa ɗigo biyar da tsinke, ka dawo bayan wata guda. Duman ya girma, kowane ɗigo ya yi nisa da kowane. Ɗigon da ke nesa da naka ya fi ƙara nisa, domin fatar da ke tsakaninku ta fi yawa, kuma dukkanta ta buɗe. Tururuwar da ke zaune a kan kowane ɗigo za ta rantse ita ce a tsakiya. Babu ɗigon da ya yi tafiya, fatar ce ta ƙaru. Misalin yana da gurgunta, don duma yana da ciki da waje, kuma ɗigon ma yana faɗaɗa, alhali galaksi ba ya kumbura, nauyinsa na riƙe da shi. Amma zai raba ka da kuskuren da sunan nan Big Bang, wato babbar fashewa, yake jefa mutane. Fred Hoyle ne ya laƙaba sunan a wani shirin rediyon BBC a 1949, kuma shi ɗan adawar ra'ayin ne. Babu wani wuri a sama da za a nuna a ce nan abin ya fashe kamar nakiya. Abin da ka'idar ke cewa shi ne, in ka mai da labarin baya, ko'ina ya fi matsuwa, ko'ina ya fi zafi.

Akwai wata tambaya da nake so, don ba ta bukatar na'ura: me ya sa dare yake da duhu? Shiga tsakiyar gonar hatsi a watan Satumba, duk inda ka juya idonka kara zai tarar, ba ka ganin ƙarshen gona. Da a ce taurari ba su da iyaka kuma tun fil azal suke haskawa, duk inda ka duba a sama idonka zai sauka kan tauraro, dare ya yi fari fat. Heinrich Olbers ya yi ta juya wannan a 1823. Wanda ya fara hango bakin zaren kuwa marubucin labarai ne, Edgar Allan Poe, a 1848: hasken na nesa ƙwarai bai sami lokacin isowa ba tukuna. Ka gaya wa abokanka, mutumin adabi ne.

Shaidar da ta rufe bakin masu musu ta zo ne ba a nema ba. A 1964 Arno Penzias da Robert Wilson suna gyaran wata babbar eriya a jihar New Jersey, wata 'yar ƙara ta dame su, ko'ina suka juya eriyar tana nan, dare da rana. Har kashin tattabarun da suka yi sheƙa a ciki suka share, ƙarar ba ta tafi ba. Ashe ɗumin farkon zamani suke ji. Macen da ta shiga gidan maƙwabta da asuba ɗiban wuta, ta sa hannu a toka ta ji ɗumi, ba ta bukatar a gaya mata an yi girki jiya. Wannan ɗumi ya cika sama ta kowace fuska, ya huce har ya kai kimanin digiri 270 ƙasa da sifiri, digiri 2.7 kacal sama da iyakar sanyi. Ya taso ne lokacin da sararin yake da shekara 380,000, zafinsa kusan digiri 3,000. Taurarin ɗan Adam uku, COBE da aka harba a 1989, WMAP a 2001, da Planck a 2009, sun zana taswirarsa daki-daki, kuma daga nan aka sami adadin da za ka ji ana maimaitawa a aji: shekara biliyan 13.8.

Adadi irin wannan ba ya zama a kai sai an ba shi jiki. Mai da hanyar Filinge zuwa Yamai ta zama dukan wannan zamani, tashar Filinge ita ce farko, Yamai ita ce yau. Ɗumin da na ambata ya taso ne a mita 5 daga inda mota ta tashi. Za ku wuce Baleyara da nisa babu rana babu duniya, sai saura kimanin kilomita 59 sannan su samu, shekara biliyan 4 da rabi da suka wuce. Manyan dabbobin da ake tono ƙasusuwansu a Gadufawa suna saura kilomita ɗaya da rabi. Duk tarihin da aka rubuta, daga Fir'aunonin Masar zuwa Askiya zuwa zuwan Faransawa Kurfai, wanda za ka ci shekaru kana karantawa, bai kai tsawon ɗan yatsanka ba a bakin ƙofar tasha.

Wani mako za a koya muku inda sinadarai suka fito. Farkon zamani bai bar kusan komai ba sai iska biyu marasa nauyi, haidurojin kashi uku cikin huɗu, hiliyom kashi ɗaya. Cecilia Payne ce ta nuna a 1925 cewa taurari kusan duk da waɗannan aka yi su. Sauran, ƙarfen hauyarka da wanda ke cikin jininka, a cikin taurari aka dafa su. Masu nauyi ƙwarai, irin yuraniyom na Arlit da zinariyar Samira a nan jihar Tilaberi, sai a mutuwar manyan taurari ko karon gawarwakinsu suke samuwa. Nakan yi murmushi in na tuna cewa arzikin da ake ta jayayya a kansa a ƙasar nan ya girmi ƙasar kanta.

Kada ka zaci an gama komai. Vera Rubin, a shekarun 1970, ta auna gudun taurarin da ke gefen galaksi, ta tarar suna juyawa da saurin da ya kamata ya watsar da su. Ka san majajjawar korar tsuntsaye a gona: in dutse na juyawa da ƙarfi bai tsinke ba, igiyar ta fi yadda ka zata ƙwari. Akwai nauyin da ke riƙe da taurarin nan wanda ba ya haske, ba a kuwa san ko mene ne ba har yau. A 1998 kuma ƙungiyoyin masana biyu suka gano cewa buɗewar sararin ƙara sauri take yi, aka ba Perlmutter da Schmidt da Riess kyautar Nobel a 2011 a kan haka, amma abin da ke tura ta suna kawai aka ba shi. A lissafin yau, duk abin da muka sani, taurari da duwatsu da mutane, kashi 5 ne cikin ɗari. Kashi 27 ɓoyayyen nauyin nan ne, 68 ɓoyayyen ƙarfin. Ko saurin buɗewar ma hanyoyin awo biyu sun saɓa, ɗaya ta ba da 67 ɗaya 73 a ma'auninsu, kuma na'urar James Webb da aka harba ran 25 ga Disamba 2021 ba ta raba gardamar ba tukuna. Ɗalibin tarihi ya san wannan hali sarai: ruwaya biyu, kowace da madogararta.

Yanzu batun lissafi. Darasin da aka shirya don waɗanda ba 'yan kimiyya ba, irin wanda jami'o'in Amurka suka daɗe suna yi, ko darasin tarihi da falsafar kimiyya da jami'o'in Najeriya ke ɗora wa ɗaliban adabi, ba ya neman lissafin Bak C. Abu uku yake nema. Na farko ninki da kaso, kuma wanda ya tashi a Nijar ba shi da uzuri a nan. A kasuwa an ce maka jaka biyu da dala arba'in, kafin mai kaya ya rufe baki ka san 2,200 ne, ka ninka da biyar a ka ba ka ma lura ba. Na biyu, rubuta manyan adadi a gajarce, 10 da ƙaramin 9 a kafaɗarsa maimakon ɗaya da sifiri tara. Yini biyu na gwaji ya ishe ka. Na uku karanta zane mai layi biyu, nisa a kwance, sauri a tsaye. Ƙa'idar tocilar nan ma ga ta duka: in nisa ya ninka biyu haske ya koma kashi ɗaya cikin huɗu, in ya ninka uku ya koma ɗaya cikin tara. Inda na ga mutane suna faɗuwa shi ne hadda. Wanda ya haddace 13.8 bai san daga ina ta fito ba, da an juya tambayar ya ɓace. Tun da ba ka faɗa mini jami'arku ba, je ka ofishin malamin kafin a rufe rajista, ka roƙi takardar jarrabawar bara ka gani da idonka. In Faransanci ya fi maka sauƙi, nemi littafin Hubert Reeves na 1981, Patience dans l'azur, don mutane irinka ya rubuta shi, sai dai ka tuna an yi shi kafin binciken 1998.

Wahalar gaske ba ta cikin adadi. Tana cikin sabo da tunanin da bai yi kama da na yau da kullum ba, kamar a ce sarari yana lanƙwasa, ko a ce yana buɗewa ba tare da akwai wani fili a waje da yake shiga ba. Wannan kowa yana jin jiri a kansa, har 'yan kimiyyar. Abdu Mumuni Diyofo, haifaffen Tasawa a 1929, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa tun 1992, ya ƙare rayuwarsa a binciken hasken rana, kuma tun a littafinsa na 1964 kan ilmi a Afirka yake jayayya cewa a koyar da yaranmu cikin harsunansu. Ka gwada shawararsa a kanka: duk abin da aka koya maka da Faransanci, ka zauna da dare ka faɗe shi da Hausa kamar kana yi wa ƙanenka bayani. Inda harshenka ya sarƙe, nan ne ba ka gane ba.

Saura maganar kawunka, Allah ya ƙara masa lafiya. Kada ka raina tsoronsa, yana da tushe. Akwai masu duban taurari su ce wance za ta yi aure bana, wane kada ya yi tafiya ran Talata, kuma malamai sun daɗe suna gargaɗi a kan wannan. Amma su malaman ne suka raba shi da ilmin falaki, wanda da shi ake gane alƙibla da lokutan salla da lissafin wata, da manzilolin nan 28 da manoma ke tambayar malam a kansu kafin shuka. A ajin kosmoloji ba za ka ji kalma ɗaya a kan rabon wani ko ajalinsa ba. Malamin ma, in ka tambaye shi burujinka, dariya zai yi maka. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi wa masana falsafa raddi mai zafi, amma a cikin littafin raddin nan nasa ya ja kunnen masu ƙaryata lissafin husufi da sunan kare addini, ya nuna cewa cutar da addinin suke yi, domin wanda ya ga lissafin ya cika ba zai bar lissafin ba, mai musun zai bari. Kawunka zai tuna husufin ranar 29 ga Maris 2006, wanda ya mai da safiya dare a Gusau da Katsina, an kuwa faɗi ranarsa da mintinsa tun shekaru kafin ya zo, mutane suka yi sallarsu ta husufi ba abin da ya ragu.

Batun cewa duniya ta yi kanta kuwa, ba ya cikin ka'idar. Lissafin yana bin sawu baya har zuwa wani ɗan ƙanƙanin yanki na daƙiƙar farko, daga nan ya tsaya, domin dokokin da aka sani ba sa aiki a wannan matsi. Wa ya yi, don me aka yi, babu na'urar da ke auna su. Akwai masana kosmoloji masu imani, akwai marasa shi, kowa da abin da ya shigo da shi daga gida, kuma in malaminka ya faɗi nasa ra'ayi kana da damar gane cewa ya fita daga darasi. Wani abin lura ga ɗan tarihi: kafin Lemaître, yawancin masana kimiyya sun ɗauka sararin samaniya ba shi da farko, ra'ayin da Gazali ya yaƙa ƙarni takwas kafin su. Amma ina ja maka kunne ta ɗaya gefen ma. Kada ka dawo gida kana cewa kimiyya ta tabbatar da aya kaza. A 1951 Paparoma Pius na 12 ya yi jawabi yana ɗaukar ka'idar a matsayin shaidar halitta, Lemaître da kansa, limami, bai ji daɗi ba, ya nemi a bar kowane a muhallinsa. Yana da hujja. Awon Hubble na farko ya ba sararin samaniya shekara kusan biliyan 2, ƙasa da shekarun duwatsun duniya, sai da aka yi shekaru ana gyara. Adadin kimiyya na yau ana iya gyara shi gobe, kuma wanda ya rataya imaninsa a jikinsa zai sha girgiza duk lokacin da aka taɓa shi.

In ka je gida hutu bayan girbi, wajen Oktoba ko Nuwamba kafin hazo ya sauko, ka nemi daren da babu wata. Na san halin rashin tsaro da yankin ke ciki, kada ka fita bayan gari, tsakar gida ta isa in an kashe fitilu. Filinge tana daraja 14 arewa da tsakiyar duniya, wuri ne mai kyau, kuna ganin tauraron arewa, a wasu watanni kuma kuna ganin na kudu irin Alfa Sentauri da mutumin Paris ba zai taɓa gani daga gidansa ba. Ka roƙi kawu ya nuna maka manzilolin Fargu biyu, taurari huɗu masu kama da babban ɗaki mai kusurwa huɗu, suna kusan tsakiyar sama bayan lisha. Daga kusurwar arewa maso gabas ku bi layi zuwa tauraron Baɗnul Hutu, manzili na ƙarshe, shi Turawa ke kira Mirach. Daga shi ku karkata arewa, ku ƙirga ƙananan taurari biyu, kusa da na biyun akwai wani ɗan fari-fari kamar an shafa alli da yatsa. Andromeda ke nan. Abdurrahman Assufi, masanin falaki na ƙasar Farisa, ya ambace shi a littafinsa na taurari tun shekarar 964, ya kwatanta shi da ƙaramin gajimare. Ku ba idanunku minti 20 su saba da duhu, kada kowa ya kunna waya, kuma kada ku kafa masa ido kai tsaye, ku dubi ɗan gefensa, gefen ido ya fi kama haske mai rauni.